Ɗiyar Yayata Ce

Shafi na 23

Da sunan Allah. Masu aiko saƙo cewa na bar su a rataye, ku yi haƙuri, kasuwa ce ta riƙe ni. Wanda kuma yau ya shigo, ga inda muka kwana: ma'aikatan kula da yara sun tare Haulatu a kasuwar Guro ta Abijan da daron tumatir a ka, suka ce 'yar aikatau ce da aka yi safararta daga Nijar, suka tafi da ita gidan ajiye yara na Treichville. Baffanta, Alhaji Inusa mai albasa na Adjame, shi ke ta zarya a kan maganar.

*

Ko da Inusa ya iso bakin shagonsa da safe, ya tarar Kailu ya riga shi. Kailu shi ne magatakardan ƙungiyar iyaye da suka kafa a unguwa, ba don hankali ba, don ya fi kowa iya latsa waya.

"Alhaji, jama'a sun shirya. Mu taru gaban Meri, ofishin magajin gari, mu ɗaga kwalaye, 'yan jarida su ɗauka. Yau ɗiyar gidanku ce, gobe ta gidana."

Inusa ya buɗe kwaɗo bai dube shi ba.

"Wa ya ce ka sa bidiyon nan?"

"Ai aikin ƙungiya ne."

"Ƙungiya ta ce a nemi a riƙa kiran iyaye kafin a ɗauki yaro. Ba ta ce ka tsaya gaban waya ka kira mutane ɓarayin yara ba. Kai ka zage su jiya, ni kuma yau zan je in zauna gabansu ina murmushi."

"To in sun mayar da ita Nijar fa? An ce ƙarshen makon nan motar za ta tashi."

"Shi ya sa ba ni da lokacinka. Zauna ka tsare mini shago. Wayar nan kuma ka sa ta aljihu, ta huta, mu ma mu huta."

Sa'a tana tsaye can gefen titi cikin dogon hijabi, riƙe da leda: kayan sawar yarinya da ɗan kwanon fura. Matar ƙanensa ce, marigayi Shamsuddin, kuma a wurinta Haulatu take zaune. Tun da aka ɗauki Haulatu ba ta sake fita kasuwa ba, teburinta na can rufe da buhu.

Suka shiga woro-woro, tasin haɗaka, suka ƙetare gada.

Sun yi sammako da yawa. Mai gadin ofishin ya ce Madam mai riƙe da maganar ba ta iso ba, sai suka gangara bakin tashar bato, jirgin ruwan haya, suka zauna kan wani benci. Jirgin ruwa ya zo ya zazzage ma'aikata masu ɗaure da taye, ya kwashi wasu ya juya. Warin ruwan lagun, tafkin da ya ratsa garin, da ƙamshin kifin masu acceke, dambun rogo, sun gauraya.

Akwai abin da ke cin Inusa, bai gaya wa kowa ba.

Ya samo wata 'yar Gaya da ke dafa abinci a gidan da ake ajiye yaran, ita ke guntsa masa labari. Ta ce yarinyar tana ci, tana barci, har ta koya wa sauran yara carafke. Ko sau ɗaya ba ta yi kuka ba.

Sa'a da ta ji haka hamdala ta yi. Shi kuwa sai abin ya dame shi. Ya ga yara iri-iri a duniya. Yaron da aka fizge daga gida aka kai cikin baƙi, ba ya jin yarensu, ya kamata ya yi kuka. Kuma Haulatu ba sakara ba ce. Shekararta tara amma ta san sunansa, ta san shagonsa, ta san lungunan Adjame fiye da wasu direbobin. Me ya hana ta ce a kira Baffa Inusa?

"Sa'a, sake ba ni labarin ranar nan. Kar ki tsallake komai."

"Na ba ka, Yaya."

"Kin ba ni cikin kuka. Yau wanda babu kuka nake so."

Ta gyara hijabi.

"Na aike ta kai wa wata mai gidan abinci tumatir a bakin kasuwa. Sai ga ta an dawo da ita, mata biyu masu riga iri ɗaya sun sa ta a tsakiya. Kafin in miƙe mutane sun taru. Babbar ta tambaye ni da Faransanci, ta sake da Julanci, yaren kasuwa, wai wannan ɗiyarki ce?"

"Kika ce me?"

"Na ce ɗiyar yayata ce."

"Da bakinki."

"To me zan ce, Yaya? Hajiya Afra'u ta garinmu na tsaye. Matan garinmu duk suna tsaye. In buɗe baki a tsakiyar kasuwa in ce ɗiyata ce? 'Yar fari? Kafin la'asar an ji a Madawa cewa Sa'a ta zo Abijan ta zubar da kunyarta a lagun."

"Sai suka tambayi sunanta."

"Sunan mahaifiyarku ne fa. Tun da aka kawo ni gidanku bakina bai taɓa kama shi ba."

"Kika ce?"

"Na ce yarinya muke ce mata."

Inusa ya shafa gemu. Da ba abin kuka ba ne da ya yi dariya.

Ku yaran da aka haifa a nan, na san yanzu kuna cewa wace irin uwa ce wannan. Ku je ku tambayi kakanninku. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta cewa nawa ne. In an yaye shi ma, sau da yawa wata ake ba ta riƙe. Haka aka yi da Haulatu. Ana cire ta daga nono aka miƙa wa Dije, yayar Sa'a, wadda Allah bai ba haihuwa ba. A Madawa ta tashi. Dije take kira Inna, Sa'a kuwa Tanti ce mai aiko da takalmin salla daga Abijan. Sai da ciwo ya kwantar da Dije aka ɗauko yarinyar aka kawo nan. Ba a daɗe ba Dije ta cika. Manya suka zauna suka ce kar a gaya mata tukuna, a bari ta saba.

Har yau ana jira ta saba.

"Ita yarinyar me ta ce musu?"

"Wai uwarta na Madawa."

"Tana kuka?"

Sa'a ta girgiza kai.

"A'a. Da suka ce za su tafi da ita, da kanta ta sauke daron ta ajiye gabana. Har ta ce in duba na ƙasa, wasu sun fashe."

"Hmm," in ji Inusa. Ya bi jirgin ruwa da kallo har ya yi nisa.

*

Ofishin ɗan ƙaramin ɗaki ne. Fanka na juyawa tana kuka, bango duk zanen yara. Madam Ajuwa, babbar da ta yi wa Sa'a tambaya a kasuwa, mace ce da ta manyanta, gilashinta rataye da igiya a wuya. Sai da ta gama ɓare gyaɗar da ke hannunta sannan ta nuna musu kujera.

Faransancin Inusa na kasuwa ne, babu ado, amma bai taɓa barin sa a hanya ba.

Ta juyo masa da wayarta. Ga Kailu a ciki yana nuna sama da yatsa.

"Kai ne shugaban masu cewa mu ɓarayi ne?"

"Ni ne shugaban masu cewa a kira mu kafin a ɗauki yaro. Wannan na cikin wayar kuwa, Madam, in kuna da ɗakin da ake ajiye manya, yau zan kawo muku shi da kaina."

Gefen bakinta ya motsa. Ta kife wayar.

"Ina jin ka, tsoho."

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, tun daga yaye har ranar tumatir. Yana magana yana auna ta. Ya lura saurarenta irin na mai son sani ne, ba irin na mai jira ka gama ba.

"Dakata," ta ce. "Kana nufin a wurinku in uwa tana son ɗa, sai ta yi kamar ba ta san shi ba?"

"Na fari kawai."

"Me na farin ya yi?"

"Bai yi komai ba. Shi ne dai ya fara tona cewa ta girma. Iyayenta na gani, surukanta na gani. Sai kunyar ta hau kansa."

"Na biyu fa?"

"Na biyu yana zuwa ya tarar kunya ta ƙare. Shi ake goyawa ana yi wa waƙa."

"Ni 'yar fari ce a gidanmu," in ji Madam. "Da a cikinku aka haife ni da na sha wuya."

"Da kakarki ta lalata ki da gata. Ba a yar da su, Madam. Hannu kawai ake canja musu."

Ta dubi Sa'a, wadda ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta.

"Ranar nan na gani da idona. Wani ƙaramin yaro ya dawo daga lakwal, makarantar boko, da jaka, ta yi ta kiran sunansa, Bilal kaza, Bilal kaza, har da goge masa hanci. Ita kuwa yarinyar ko kallonta ba ta yi ba. Zo ka zauna kujerar nan tawa. Mace ta ce ba ɗiyarta ba ce. Ba ta san sunanta ba. Nata yana karatu, wannan tana dakon tumatir. Yarinya kuma ta ce uwarta tana wata ƙasa. Me za ka rubuta?"

"Abin da kika rubuta."

"To."

"Amma da kin aika an kira wani dattijo a cikinmu, da kafin tumatir ɗin ya yi laushi an warware maganar."

Ta ture kwanon gyaɗa gefe.

"Dattijo. Bari in ba ka labarin dattijo. Kalmar nan taku, riƙo, na iya ta, don duk wanda ya zauna inda kake sai ya faɗe ta. Ranar da na fara jin ta, wani mai farar hula irin taka ne, da carbinsa. Ya rantse mini yarinyar da aka kawo 'yar ƙanwar matar gidan ce, al'ada ce, mu ne ba mu gane ba. Na yarda. Na mayar musu da ita. Da aka sake kawo ta, shatin dutsen guga ne a bayanta."

Fanka ta ci gaba da kukanta. Inusa ya ji hularsa ta yi masa nauyi a ka.

"Yarinyar tana ina yanzu?"

Madam ta ɗan dube shi.

"Tana koyon ɗinki. Ta warke, sai tabo."

"Allah Ya saka mata. To kar a kira dattijo shi kaɗai. A kira shi, a kira mace a cikinmu, ku ma kuna nan, kowa ya sa wa kowa ido. Mu mun san mai riƙo, mun san mai bautarwa, Madam. Ta katanga muke ji. Tsoronku ne ke rufe mana baki, don in muka yi magana kan gida ɗaya sai ku kwashe na unguwa."

"Wannan ka zo ka faɗe shi a taronmu, in za ka iya zuwa ba da mai bidiyo ba. Lakwal fa? Me ya hana a sa ta?"

"A tsakiyar shekara ta zo. Kuma ba ta da takardar haihuwa, a ɗaki aka haife ta, sannan ga..."

"Tsoho."

Ya sauke hannu.

"Nan kin kama mu. Ba ni da ta cewa."

Ta gyaɗa kai, kamar wannan ce maganar farko da ta saya a wurinsa.

"Madam, batun mota."

"An riga an sa hannu daga sama. Za a miƙa ta ga hukumar can, su nemi uwarta."

"Ba za su same ta ba. Wadda take kira uwa ta rasu."

"Duk wanda za a mayar masa da yaro gida sai ya ce mini uwar ta rasu. In gaskiya ne, can ma akwai gidan marayu. Amma yarinyar ta ce tana da rai. Mai dafa mana abinci ta fassara mini. Ta kwatanta gidan, har da bishiyar ƙofa da wata akuya mai ƙaho ɗaya."

"Ba ta sani ba. Ba a gaya mata ba."

Madam ta daɗe tana kallon sa.

"Ba ku gaya mata wa ya haife ta ba. Ba ku gaya mata wa ya mutu ba. Ku me kuke gaya wa yaranku?"

"Su ci abinci, su yi salla, su gaida manya."

Ba ta yi dariya ba. Shi ma ba don dariya ya faɗa ba.

"Gwajin jini fa?" ya tambaya. "An ce akwai."

"Akwai. Kafin sakamako ya fito ta daɗe a can. Hanya ɗaya gare ni ta tsayar da tafiyar nan: in rubuta cewa na ga uwar yarinya a Abijan da idona. Ni kuma ba na rubuta abin da ban gani ba. Zan sa a kawo ta. Matar nan ta dube ta, ta kira sunanta, ta gaya mata ita wace ce, da yarenku. Ni fuskar yarinyar zan kalla. Wayata kuma za ta ɗauki komai, ina da mai fassara, don haka kar ka gyara mini magana."

Ta tashi ta leƙa waje ta ba da saƙo.

Inusa ya juya zai fassara wa Sa'a, ta riga shi.

"Na ji, Yaya. Ba zan iya ba."

"Za ki iya."

"A gabanka? Sunan Hajiya mahaifiyarku? Ka ce mata a kawo Alƙur'ani in dafa."

"Mai farar hula ya riga ki. Ya ɓata mana rantsuwa a ɗakin nan."

"To kai ka faɗa wa yarinyar."

"Ba ni na haife ta ba."

Ta cusa hannuwanta cikin hijabi.

"Sa'a, saurara. Matar nan da kike jin nauyin sunanta, ni ne ɗanta na fari. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Wannan take ce mini. Ku ba wannan tuwo, ku ce wa wannan ya shigo. Ban riƙe ta ba, na san abin da ke zuciyarta. Amma in gaya miki gaskiya, da ta kira sau ɗaya, da ban ƙi ba."

Sa'a ta matse ledar a cinyarta.

"Na yafe miki a madadinta. In kina so in juya baya, sai in juya."

"Juya."

Ya ɗaga kujerarsa ya fuskanci bango. Madam da ta dawo ta gan shi haka ta buɗe baki za ta tambaya, sai ta fasa. Ta zauna, ta latsa waya ta ajiye kan tebur.

A gabansa wani yaro ya zana gida da mutane riƙe da hannun juna, kowa kansa ya fi jikinsa girma. Inusa ya zuba wa zanen ido.

Ƙofa ta buɗe. Ya ji ƙarar silifa.

"Tanti, ina kwana. Baffa, ina kwana."

Murya ƙalau, kamar daga aike ta dawo.

"Lafiya lau, uwata," ya amsa bai waiwaya ba.

"Me ya sa kake kallon bango?"

"Laifi na yi, Madam ta sa ni."

Ya ji ta yi 'yar dariya ta hanci.

"Na kawo miki fura," in ji Sa'a.

"An gode."

"Da kayanki."

"To."

Madam ta ƙwanƙwasa tebur da biro a hankali.

"Ke..." Sa'a ta fara, ta tsaya. "Yarinya..."

Inusa ya yi gyaran murya.

Ya ji numfashinta yana hawa yana sauka.

"Hau..."

Ta tsaya, ta sake gwadawa.

"Haulatu."

Sunan ya fito da ƙyar, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba.

"Na'am, Tanti."

"Ni ba tantinki ba ce. Ni... ni na haife ki. A ɗakin da kika tashi, da damina. Ke ce ta fari. Ni ce uwarki."

Inusa bai san lokacin da ya juyo ba.

Yarinyar na tsaye cikin wata riga da ta yi mata yawa, an yi mata kitso irin wanda ba namu ba. Ya nemi razana a fuskarta bai gani ba. Ya nemi hawaye bai gani ba.

"Na sani," ta ce.

Sa'a ta ɗago kai.

"Inna ta gaya mini ranar da za a taho da ni. Ta ce kar in nuna na sani, za ki ji kunya."

Sa'a ta toshe baki da hijabi. Kafaɗunta suka hau rawa.

"Me ta ce?" in ji Madam.

Ya fassara mata bai ƙara ba bai rage ba. Ta ɗauki gilashinta ta maƙala, ta ƙura wa yarinyar ido.

"Tambaye ta. In ta san wannan ce uwarta, don me ta ce mini uwarta na Madawa? Don me ba ta ce a kira ka ba?"

Tambayar da ya zo da ita ke nan tun daga Adjame, sai ga ta a bakin wata. Ya maimaita da Hausa, a hankali.

Haulatu ta dubi Madam, ta dubi wayar da ke kan tebur, sannan ta dube shi.

"Da suka tare ni, wata mai goro ta fassara mini. Ta ce yaran da aka kawo daga nesa ana mayar da su gida. A mota, har ƙofa."

"Shi ne kika yi shiru suka tafi da ke."

"Na roƙe ka ka kai ni, Baffa, ka ce sai bayan salla. Salla ta wuce ka ce sai hanya ta yi kyau. In na ce a kira ta a waya ku ce babu rezo, waya ba ta shiga. Tanti in na tambaye ta sai ta ce in je in wanke kwano."

"Haulatu..."

"Inna ba ta iya jan guga. Lokacin da na taho ko tashi ba ta yi sai na riƙe ta. Wa ke ɗebo mata ruwa? Wa ke dama mata kunu? Ba ta son na kowa, ta ce yana yin gudaji. Ni ba gudu na yi ba. In na je na ga ta warke zan dawo, in ci gaba da ɗaukar wa Tan..."

Ta tsaya, ta saci kallon Sa'a.

"In ci gaba da ɗaukar mata tumatir."

Inusa ya yi shekaru yana tafinta tsakanin direbobi da 'yan kwastan, bai taɓa jin Faransanci ya yi masa nauyi a baki irin na yau ba. Amma ya fassara, har da gudajin kunu.

Madam ta riƙe biro a saman takarda, ba ta rubuta ba. Da ta yi magana, a hankali ta yi.

"Na ga abin da nake son gani. Uwarta ce."

Inusa ya fara sauke ajiyar zuciya.

"Amma ba zan ba ku yarinyar da za ta bi duk wanda ya yi mata alkawarin mota ba. Wannan karon mu ta samu. Gobe wani za ta samu a tasha, kuma shi ba Madawa zai kai ta ba. Ko ku gaya mata yanzu a gabana, ko takardar tafiya ta tsaya yadda take."

Sa'a ta ji. Ta miƙa hannu ta kama gefen rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta shigo gidansu.

"Yaya, ba yau ba. Don Allah ba yau ba."

Haulatu ba ta jin Faransanci sai kaɗan, amma ta iya karanta fuska. Ta dubi hannun da ke riƙe da rigar. Ta dubi Madam, Madam ta kau da kai wajen taga. Sannan ta dawo kansa.

"Baffa, a kasuwa kowa na cewa kai ba ka ƙarya ko a kan albasa."

Inusa ya sunkuyar da kai.

"Inna ta warke?"

Inusa ya zare rigarsa daga hannun Sa'a a hankali. Ya jawo kujerar da ke gefe ya ajiye tsakaninsu.

"Haulatu, zo ki zauna nan kusa da uwarki."

Ba ta motsa ba. Ta haɗa hannuwanta biyu a baya, ta ɗaga kai.

"A tsaye zan ji."